MASU AUNA RUWAN KOGIN JAMA'ARE: AIKIN DA KE JIRAN 'YA'YAN ƘASAR KATAGUM

A ƙasar Katagum ba sai an yi shela ba idan Kogin Jama'are ya kawo. Da zarar damina ta nutsa, sai labari ya riƙa gangarowa daga gari zuwa gari tun kafin ruwan ya iso, ana cewa ya wuce Jama'are, ya shiga ƙasar Itas da Gadau, ga shi can ya doshi tsohon birnin Katagum. Manomin shinkafa yana murna yana kuma fargaba, masunci yana gyaran komarsa, Bafillace kuwa yana lissafin irin ciyawar da fadama za ta bar wa shanunsa idan rani ya yi.

To, amma da za a tsayar da mutane a kasuwar Azare a tambaye su yawan ruwan da kogin nan yake kawowa a shekara, da wanda ƙasa take shanyewa, da wanda rana take ɗaukewa, da kuma wanda yake saura ya isa Gashuwa, da wuya a sami mai amsawa. Wannan kuwa ba laifinsu ba ne, domin amsa irin waɗannan tambayoyi sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake shafe shekaru ana koyo a jami'a. Ita ce ake kira ilmin kimiyyar muhalli. Tarihin wannan kogi a cikin shekaru hamsin da suka wuce ya nuna cewa duk jama'ar da ba ta da masu wannan ilmi, wasu ne za su zauna su yanke mata hukunci a kan ruwanta.

Inda Ruwan Ya Fito Da Inda Za Shi

Kogin Jama'are yana tasowa ne daga tsaunukan Jos. A can sama ana kiransa Kogin Bunga, sa'an nan ya ratsa Jihar Bauci ya nufi arewa maso gabas. A bakinsa ne Malam Ibrahim Zaki ya kafa birnin Katagum a zamanin jihadi, kuma a nan sarauta ta zauna har zuwa 1916, lokacin da aka mayar da ita Azare. Daga Katagum kogin yakan shiga wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, inda yake rarrabuwa ya bazu, ya gamu da Kogin Haɗeja wanda ya fito daga ƙasar Kano. Wannan wuri shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. A kusa da Gashuwa kogunan biyu suke zama ɗaya, watau Kogin Yobe, wanda yake bin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar har ya faɗa Tafkin Cadi.

Arzikin wannan fadama duk a kan ambaliya ya dogara. Idan ruwa ya malala, a shuka shinkafa. Idan ya janye ya bar danshi, a shuka wake da sauran amfanin rani. Kifi yana hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya shafe. Rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi suna samun ruwa daga wanda ya nutse cikin ƙasa. Har ila yau akwai itacen girki, da kaba ta saƙar tabarma, da goruba, da makiyaya ta dubban shanu.

Bayan mutane da dabbobi, akwai wasu baƙi da suke zuwa kowace shekara ba tare da fasfo ba. Idan sanyi ya tsananta a ƙasashen Turai, agwagin ruwa da sauran tsuntsaye sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a wannan fadama, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya. Waɗannan tsuntsaye su ne suka fara jawo hankalin mutanen ƙetare zuwa wannan yanki, kamar yadda za a gani nan gaba.

Zamanin Madatsun Ruwa

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza hukumomin ƙasar nan ƙwarai da gaske. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne a tare ruwan damina a ajiye don noman rani. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. A 1992 aka gama madatsar Challawa. Ba shakka waɗannan ayyuka sun yi amfani, domin birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kura da Kadawa kuma suka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir.

Amma kamar yadda masu iya magana kan ce, idan wani ya yi rawa an ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Ruwan da aka tare a sama, a ƙasa aka rasa shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da 1970 ambaliya takan shafe hekta 250,000 zuwa 300,000 a fadamar Haɗeja da Nguru, amma zuwa farkon shekarun 1990 abin ya koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Fari yana da nasa kason a cikin wannan raguwa, madatsun ruwa ma suna da nasu. Raba tsakanin biyun nan shi ne aikin da ba mai iya yi sai masani.

Aikin Da Aka Yi A Nguru

A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗeja da Nguru, aka ajiye ofishinsa a garin Nguru. Waɗanda suka haɗa hannu a ciki sun haɗa da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, da Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, RSPB. Da farko tsuntsaye ne a gaba. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo da kansa ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona da ke ƙasar Bade.

Ba a jima ba ma'aikatan shirin suka gane cewa ba yadda za a yi a tsare tsuntsu idan babu ruwa, kuma ruwan da tsuntsu yake bukata shi ne dai wanda manomi da masunci da makiyayi suke bukata. Daga nan akalar aikin ta juya. Aka shiga bin ma'aunan ruwa da ke bakin gadoji ana rubuta hawa da saukar kogi, aka riƙa shawagi da ƙaramin jirgin sama don zana iyakar inda ambaliya ta kai, ana ƙidayar tsuntsaye a lokacin hunturu, ana kuma zama da mutanen ƙauye ana jin abin da suke samu daga gona da su da daji.

Malaman jami'o'in ƙetare sun shigo cikin aikin. Akwai G. E. Hollis, masanin ilmin ruwa daga Landan, da W. M. Adams, masanin labarin ƙasa daga Kembirij. A 1991 Edward Barbier da Adams da Kevin Kimmage suka fitar da wani lissafi da ya zama abin misali a duniya. Sun ɗauki ma'aunin ruwa ɗaya, suka duba abin da yake samarwa idan an bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da kamun kifi da itacen wuta, sa'an nan suka gwada da abin da yake samarwa idan an zuba shi a babban aikin noman rani na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa amfanin ruwan a fadama ya ninka na babban aikin ninkin ba ninkin. Wannan kuwa tun ba a sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba.

Kafin wannan lokaci, idan manomin fadama ya koka, akan ɗauki maganarsa tamkar kukan wanda bai san ci gaba ba, ruwan da ya malala a fadama kuwa ana ganin asara ce kawai. Bayan lissafin, kukan nasa ya sami alƙaluma da za a iya ajiyewa a kan teburin minista.

Tafarkin Wani Malami

A 1993 IUCN ta buga littafin da ya tattara binciken da aka yi a kan wannan fadama. Sunaye uku ne a bangonsa a matsayin waɗanda suka tsara shi: Hollis, da Adams, da Muhtari Aminu-Kano. Tafarkin da na ukun ya bi ya isa abin nazari ga duk matashin da yake tambayar inda irin wannan karatu yake kai mutum.

Dokta Muhtari Aminu-Kano ya yi aikin koyarwa da bincike a Maiduguri, a jami'a da kuma Cibiyar Binciken Tafkin Cadi. Ya shugabanci shirin na Nguru, inda aikin yau da kullum yake cikin laka da kwalekwale da zauren dagaci. Daga nan ya zama babban daraktan NCF a Legas. Bayan haka ya tafi Kembirij ya yi aiki da BirdLife International, uwar ƙungiyoyin kare tsuntsaye na ƙasashe daban-daban, a matsayin mai ba da shawara kan manufofi. Ya kuma yi aiki da ƙungiyar agaji ta Islamic Relief a Ingila, wadda tana cikin waɗanda suka shirya taron birnin Santambul na 2015, inda aka fitar da sanarwar Musulmi game da sauyin yanayi. A 2018 ya komo gida ya sake riƙe ragamar NCF har zuwa 2022.

Abin lura a nan shi ne tushen da aka ɗora ginin a kai. Abin da yake ba masanin muhalli nauyi a zauren taron ƙasashe shi ne sanin da ya yi wa wani wuri guda, sani na haƙiƙa, wanda ya samo da ƙafarsa da idonsa. Baturen da ya zo daga Landan yana da na'ura da kuɗin bincike, amma bayan 'yan makonni zai koma. Wanda ya san harshen masunta, ya san wace korama ce ta toshe bana, ya san dattijon da zai tuna ambaliyar shekaru arba'in da suka wuce, shi ne ake nema, kuma da shi ne haɗin kai yake zama na tsara da tsara maimakon na maigida da yaronsa.

Maganar Kafin Zaki

Duk wannan bayani ya shafi mutanen Katagum kai tsaye saboda dalili ɗaya. A cikin manyan koguna biyu da suke ciyar da fadamar, Kogin Jama'are ne kaɗai ba a tare shi da babbar madatsa ba. Shi kuwa Kogin Haɗeja, tun da aka fara sako ruwa daga Tiga rani da damina, yanayinsa ya sauya. Ciyawar kacala, wadda take son ruwa mai kwanciya duk shekara, ta mamaye hanyoyin ruwa ta toshe su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Ruwan ya karkata ya bi mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, wasu wurare suna nutsewa, wasu suna bushewa. Saboda haka mafi yawan ruwan da yake isa Gashuwa, har ya gangara Gaidam da Damasak, daga Kogin Jama'are yake fitowa.

A kan wannan kogi ne aka tsara gina madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauci. Bisa tsarin, za ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 2,700, ta shayar da gonaki hekta 120,000. An ba da kwangilarta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992 a zamanin Janar Babangida, aka sake sokewa a 1994 a zamanin Janar Abacha. A 2008 Gwamna Isa Yuguda ya sake tayar da maganar, nan take jihohin Yobe da Barno suka nuna rashin amincewarsu. Har yau ba a gina ta ba, kuma maganar ba ta mutu ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu so suna cewa Jihar Bauci tana kallon ruwa yana ratsa ta yana wucewa alhali matasanta ba su da aikin yi da rani, suna kuma nuna ɓarnar da ambaliya take yi. Ba a manta da 2022 ba, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi ya ci gonaki a ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa, ga kuma 2024 da ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Masu ƙi kuwa suna cewa abin da ya sami Kogin Haɗeja ya isa ishara, in aka tare Jama'are to an rufe famfo na ƙarshe.

Mutanen ƙasar Katagum suna tsakiya. Suna cikin waɗanda aka yi wa alkawarin noman rani, kuma suna ƙasa da inda za a tare ruwan, watau fadamarsu tana cikin waɗanda za su fara jin sauyin. Tambayoyin da ke gabansu ba na siyasa ba ne kawai. Idan an gina madatsar, ruwa nawa za a riƙa sakowa da damina don fadama ta sha? Ƙofofinta za su iya sakin wannan adadi? Wa zai riƙe mabuɗin? Rijiyoyin ƙauyuka za su ja baya, kuma da kamu nawa? Kacala za ta shigo kamar yadda ta shiga Haɗeja? Masu bincike na Nguru sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sako ruwa daga madatsu da gangan a lokacin damina, don a kwaikwayi ambaliyar da Allah ya saba kawowa. Amma shawara irin wannan ba ta aiki sai da mutanen da za su zauna a wurin, shekara da shekaru, suna aunawa suna faɗin gaskiyar abin da suka gani.

Ruwa Bai San Iyaka Ba

Haɗin kai a kan wannan ruwa hawa-hawa ne. A mataki na ƙasashe, akwai Hukumar Tafkin Cadi wadda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa a 1964. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar game da rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Kogin Yobe, wanda mutanen yankin Diffa suke noman tattasai da shi. Akwai kuma yarjejeniyar kare fadamu ta duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekarar 2000.

A cikin gida kuwa, a 2006 jihohi shida da wannan ruwa ya haɗa, watau Bauci, Barno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe, suka yi taron ƙoli a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kogunan, suka kuma kafa asusun amana don gudanar da shi. Binciken da ya share fagen wannan taro, Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ce ta yi shi tare da IUCN da NCF.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan zauruka akwai kujera, kuma kowace kujera wani ne yake zama a kanta. Wakilin da ya zo da takardu da alƙaluma shi ake saurara. Wanda ya zo da ƙorafi kawai, akan ba shi haƙuri a wuce.

Ga Mai Son Bin Wannan Hanya

A da, yaron Azare da yake son irin wannan karatu sai ya tafi Zariya ko Kano ko Maiduguri. Yanzu makarantu sun matso kusa. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a cikin garin Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau wadda aka kafa a 2011, ga jami'o'in tarayya a Bauci da Dutse da Gashuwa. Mai son zurfafawa yana iya neman Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ko cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda take horar da ɗalibai a kan kiyaye halittu.

Ƙofofin shiga suna da yawa: labarin ƙasa, ilmin halittu, ilmin ruwa, aikin gona da gandun daji, tattalin arziki. Kowace aka bi, ana bukatar lissafi mai kyau, da iya rubuta rahoto da Ingilishi, in da hali a ƙara da Faransanci, tun da maƙwabtanmu na Tafkin Cadi da shi suke aiki. Zamani ya kawo sauƙi, domin hotunan tauraron ɗan'adam da a da sai manyan hukumomi suke samu, yau ɗalibi yana iya sauke su kyauta a kwamfuta ya ga yadda ambaliya ta kwanta a ƙasar Zaki shekara bayan shekara. Sai dai hoto ba ya hana mutum shiga laka. Dole ne a je a tabbatar da ido.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: hanya ce mai tsawo, kuma ba ta saurin kawo kuɗi. Daga digiri na farko zuwa na uku mutum yakan shafe shekaru goma ko fiye. Kuɗin bincike galibi daga waje yake zuwa, idan wa'adin shiri ya ƙare sai ma'auni ya lalace a bakin gada ba mai gyarawa, littafin rubutu ya tsaya. Alhali kuwa darajar ƙididdigar kogi tana cikin ɗorewarta. Ta shekara talatin a jere ta fi ta shekara uku nesa ba kusa ba. A nan ne jami'ar da take zaune a wurin ta fi kowane shirin ƙetare, domin ita ba ta da ranar tashi.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukumomin jami'ar Gadau da Gwamnatin Jihar Bauci da masarautun Katagum da Jama'are, da kuma masu hannu da shuni na wannan yanki. Ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan kowace shekara su yi bincikensu a kan Kogin Jama'are, da kafa ma'aunan ruwa a kula da su, ba abu ne da ya fi ƙarfinsu ba. Iyaye ma su sani cewa yaron da ya ce zai karanta ilmin ruwa ko na tsuntsaye bai ɓata ba.

Ko ba jima ko ba daɗe za a sake buɗe fayil ɗin Kafin Zaki. Ranar da aka buɗe shi, mutanen Kano da na Yobe da na Barno da na Abuja za su zo da masanansu. Fatan alheri shi ne a ce a wannan rana akwai ɗan Katagum ko 'yar Katagum a zauren, riƙe da littafin da aka rubuta hawa da saukar kogin a cikinsa, shekara bayan shekara. Allah ya sa a dace, amin.